Dannawa ɗaya ta cinye mini awon Sallah

Ni tela ne, shagona yana Ɗorayi a Kano. Duk wanda ya san sana'armu ya san daga tsakiyar Sha'aban har daren Sallah tela ba shi da lokacin kansa, ko zumunci sai an yi masa uzuri. To a irin wannan lokacin ne, a azumin 2017, na ga ya dace in koma injiniyan waya.

Wayar tun 2015 na saye ta. Android 4.4.2 ce, wadda ake kira KitKat, injin cikinta na MediaTek, RAM ɗinta 1GB. A jikin kwali an rubuta 8GB, amma wurin da aka ware wa manhajoji bai kai 2GB ba, shi ɗin ma an riga an jibge masa wasanni da wasu tarkace da ban taɓa buɗewa ba, kuma babu maɓallin goge su. Iyakarka ka shiga saiti ka tsayar da su, gari na wayewa su farka. A cikin wayar nan kuwa rabin shagona yake. Masu ɗinkina na Abuja da Kaduna ba zuwa suke yi ba. Su ba direba shadda a tasha, su turo awo da hoton aikin wuyan da suke so ta WhatsApp. Tun da na saba da haka na yi watsi da littafin awo, in zan yanka yadi sai in jingina wayar a kan keke ina duba tsawon riga da faɗin kafaɗa.

Ranar uku ga azumi WhatsApp ya ce sai an sabunta shi. Na danna, waya ta ce babu wuri. Na goge hotuna, na goge karatuttukan da nake saurare, ta ce har yanzu babu wuri, don su hotunan ba a ɗakin manhajoji suke zaune ba, ko duka na share ba abin da zai ƙaru. Bayan la'asar na ɗauke ta na nufi teburin wani matashi da ke cajin waya da tura finafinai a bakin layinmu.

Ya jujjuya ta ya ce, "Yaya, ai wayar nan rutin take so. Da kuɗinka ka saye ta, amma ɗan haya ne kai a ciki. In aka yi mata rutin kai ne mai gida, duk abin da ba ka so sai ka yi waje da shi."

Maganarsa akwai gaskiya a ciki. Android a kan Linux aka gina ta, kuma a tsarin Linux akwai matsayi guda da ke sama da kowa, wanda babu fayil ɗin da ba zai iya taɓawa ba. Wannan matsayin masu ƙera waya suke kullewa, su bar ka da falo da tsakar gida. Yin rutin shi ne karɓo wannan babban mabuɗi. Na tambaye shi ko sai da kwamfuta, ya yi dariya ya ce wannan ai tsohon yayi ne, yanzu dannawa ɗaya ce.

A shekarun nan sunayen da ke yawo a bakin samari su ne Framaroot da Towelroot da KingRoot da KingoRoot da iRoot da 360 Root. Towelroot wani Ba'amurke ne mai suna George Hotz ya fitar da ita a watan Yunin 2014, huɗun ƙarshe kuwa daga ƙasar Sin suke. Ba zan kama sunan wadda aka sa mini ba. Ta Xender ya turo mini ita daga wayarsa, shi ma wani ne ya tura masa, wancan ma haka. Fayil ɗin da ya bi hannu goma kowa na iya cusa masa abin da ya ga dama a hanya, ya bar masa sunansa da tambarinsa. In na ɗora wa masu sunan laifi ban yi adalci ba.

Da farko sai da muka shiga saiti muka ba wayar izinin karɓar manhaja daga wajen Play Store. Muna danna sakawa sai ga gargaɗi daga Google, wai wannan manhaja tana ɗauke da abin da ke ƙoƙarin tsallake tsaron waya. Na dube shi. Ya ce, "Kishi ne kawai, Yaya, ba sa son ka 'yantu." Na danna a ci gaba. Da yatsana na danna, ba wanda ya riƙe mini hannu.

Manhajar ta buɗe da wani ƙaton da'ira da maɓalli ɗaya a tsakiya. Ta ce sai an kunna data. Ban tambayi dalili ba a lokacin, daga baya na gane bayanan wayar take aikawa can gidansu, irin ƙirarta da injinta da lambar Android ɗinta, su kuma su turo mata dabarar da ta dace da ita. Lamba ta fara hawa, 10, 17, 23. Tana kaiwa wajen 30 waya ta mutu ta kunna kanta. Gabana ya faɗi, ya ce haka take yi. Karo na biyu ta tsaya a 60 da wani abu, wayar ta yi zafi kamar dutsen guga, ta ce ba a yi nasara ba. Karo na uku ana ta haramar kiran magariba ta cika 100, alama ta koma kore. Ya sa wata 'yar manhaja, Root Checker, ta tabbatar. Na ba shi naira 300, na sha ruwa a wurin ina jin kaina wani babba.

Satin farko kam na sha daɗi, ba zan ɓoye ba. Na kori wasannin nan ɗaya bayan ɗaya. Na raba memori kad gida biyu na sa Link2SD, wadda ke kwashe manhajoji ta mai da su kan kati, sai ga wuri ya samu har da rara. WhatsApp ya sabuntu. Na sa Greenify tana kwantar da manhajojin da ke shan batir a ɓoye. Har abokan sana'a na riƙa yi wa wa'azin rutin a wajen shan ruwa, biyu daga cikinsu suka ce in an yi Sallah zan yi musu.

Abu na farko da ya ɗan dame ni shi ne manhajar banki. Na buɗe zan duba ko wani ya turo kuɗin ɗinki, ta ce ba ta aiki a wayar da aka taɓa tsarinta, ta rufe kanta. Na ce ba komai, na koma danna lambobi. Sai kuma na lura da wata baƙuwar manhaja mai hoton tsintsiya, wai mai share waya ce da ƙara mata gudu, ni kuwa ban sa ta ba. Na goge, da asuba na gan ta ta dawo, ta zo da 'yar uwarta mai auna batir. Daga nan talla ta fara fitowa a fuskar waya tun kafin in cire makulli. Wata rana ina nuna wa wani dattijo samfurin aikin babbar riga, hoton da bai dace ba ya faɗo a tsakiyar allo, da azumi a bakinmu. Ya kawar da kai bai ce komai ba. Da ma zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Datar naira dubu da ke kai ni wata ta ƙare a kwana tara. Batir kuwa in na cire daga caji da hantsi, kafin azahar ya yi ja.

Na koma wurin ƙanen nawa mai caji. Ya ce a mai da ita yadda ta fito daga kamfani. Na kwafe abin da zan iya, amma da na tuna hirarrakin WhatsApp sai na ce a dakata, mu gwada wata hanyar. Ya ce to a canza mai gadin. Ita manhajar rutin ba buɗe ƙofa kawai take yi ta tafi ba, tana barin wata manhaja tata da ke zama mai gadi, duk wadda ke son babban mabuɗi sai ta nemi izini a wurinta. A lokacin masu harkar sun fi yarda da SuperSU, ta wani ɗan ƙasar Holan da ake kira Chainfire, don haka muka yi ƙoƙarin sa ta a madadin waccan. Ina! Muna sakawa ana cire ta. Mun gwada ya fi sau biyar. A nan na fara fahimtar irin mai gidan da na zama. Ni ke ba da izini a fuskar allo, amma akwai wanda ya riga ni zama a ɗakin ciki, kuma ba ya neman izinina.

Ana saura kwana goma sha biyu Sallah, wajen ƙarfe ɗaya na dare, janareto na ruri, yarana biyu suna kan keke, talla ta sake faɗo mini ina tsakiyar karanta awon wando. Raina ya ɓaci. Na buɗe manhajar duba fayiloli na shiga can cikin tsarin wayar, inda a da ba ni da ikon leƙawa, na ce yau sai na zaƙulo ɓarawon da hannuna. Sunaye ne birjik da Turanci. Duk wanda ban gane ba, kuma na ga kamar bai yi mini kama da mutumin kirki ba, sai in goge. Ba ta hana ni ba, ba ta ma tambaye ni ko na tabbata ba, ai ni ne mai gida. Na goge kusan bakwai. A na ƙarshen allo ya yi baƙi, wani saƙo ya fara fitowa cewa wani abu ya tsaya, in na danna to sai ya dawo. Na cire batir na mayar. Tambarin kamfani ya fito, ya tsaya. Na yi sahur yana nan tsaye. Na dawo daga masallaci yana nan.

Da a ce daga nan kasuwar waya ta Farm Centre na wuce, wataƙila da an ceto wani abu. Amma mai kunyar abin da ya aikata ba ya son shaida. Na ari kwamfutar ɗan yayata, na kwana biyu ina koyon filashin, wato sake zuba wa waya manhajar tsarinta da kwamfuta. Wayoyin MediaTek da SP Flash Tool ake yi musu. Za ka sauko da cikakkiyar manhajar wayar ta asali, ka nuna wa kwamfuta wani ɗan fayil da ake kira sikata, wanda shi ne taswirar ɗakunan da ke cikin ma'ajiyar waya, ka cire batir, ka danna, sannan ka soka waya. Direban da zai sa kwamfuta ta ga wayar kaɗai ya ci mini yini guda. Manhajar da na samo kuwa sunan wayata ne a jikinta, amma ashe waya ɗaya tana iya fitowa kashi biyu ko uku, suna ɗaya, kayan ciki daban. Na zaɓi a zuba kawai ba tare da share komai ba, sai kwamfuta ta ƙi, ta ce taswirar ba ta yi daidai da ta cikin wayar ba, in zaɓi Format All + Download in sake gwadawa. Mai hankali a nan zai tsaya ya ce me ya sa taswirar ta bambanta. Ni murna na yi an nuna mini hanya.

Jan layi ya wuce, rawaya ya biyo baya yana tafiya a hankali, can sai ga koren da'ira. Na mayar da batir, waya ta tashi fes kamar ranar da na saye ta, babu talla, babu tsintsiya. Babu kuma komai nawa. Wannan na riga na sa rai da shi. Abin da ya kashe mini jiki shi ne layukana biyu duk babu sabis. Na danna *#06# don in ga lambar IMEI, ta ce babu ingantacciya. Na kunna Wi-Fi, a cikin jerin sunaye na ga wani baƙon abu, NVRAM WARNING: Err = 0x10. Sharewar da na yi ta haɗa har da ɗan ɗakin da wayar ke ajiye lambobin shaidarta. Wayar da ba ta da IMEI kuwa kamfanin layi ba ya kula ta.

Sai a lokacin na hau adaidaita na tafi Farm Centre, ana saura kwana tara.

Injiniyan da aka nuna mini ba yaro ba ne, da furfura a gemunsa, teburinsa cike da wayoyi a buɗe. Na fara kame-kame, wai haka kawai na tashi na ga ta ɗauke. Ya kunna Wi-Fi ya ga rubutun nan, ya dube ni ta saman tabarau.

"Malam, da azumi a bakinka. Wa ya yi mata filashin?"

Na faɗa masa komai tun daga teburin caji. Bai yi dariya ba, yaran shagon ne suka yi. Ya buɗe bayan wayar ya cire batir, ya duba takardar da ke manne a ciki mai ɗauke da lambobin IMEI biyu, sannan ya ce in kawo kwali ko rasit. Na ce kwalin yana gida. Ya ce in je in ɗauko. Rubuta IMEI, in ji shi, aikin da ɓarayin waya suka fi nema ne, shi kuwa ba ya mayar wa waya sai lambarta ta haihuwa, ita ma sai ya ga shaida. Na koma Ɗorayi a cikin ranar nan na dawo da kwali.

Yana aiki yana yi mini bayani, kuma bayaninsa ya fi gyaran amfani a wurina. Ya ce, "Kai a zatonka mabuɗi manhajar nan take da shi? Ba ta da mabuɗi. Katanga take haurawa. Tana zagaya gidan ne tana neman inda ginin ya tsage, in ta samu ta faɗa ciki ta buɗe maka ƙofa ta ciki. Shi ya sa ka ga tana gwadawa waya na mutuwa, wata tsagar ba ta ɗauke ta ba ne. To wanda ya haura ya buɗe maka, wa ya riga wani shiga? Kuma ka san abin da ya ajiye kafin ya zo bakin ƙofa?"

Na ce da na sani da na mai da ita yadda ta fito daga kamfani tun farko. Ya girgiza kai. Ya ce wannan gogewar ɗakin mai waya kawai take sharewa, ba ta taɓa ɗakin tsarin waya. Abin da ya samu babban mabuɗi kuwa a ɗakin tsarin yake shimfiɗa tabarmarsa, ka goge sau goma yana nan. Filashin ne kaɗai ke fitar da shi. Ya ƙara da cewa in na koma gida in canza kalmar sirrin Gmail da ta Facebook da lambar sirrin banki, don wayar ta yi sati biyu tana hannun wanda ba mu sani ba.

Bayan Sallah na bi diddigin maganarsa, na tarar bai ƙara gishiri ba. A 2015 wasu masu bincike a Jami'ar California da ke Riverside sun kwance ɗaya daga cikin manyan manhajojin nan, suka tarar da dabarun fasa tsaro sama da 160 a cikinta, kuma suka nuna cewa mugu zai iya kwashe su ya yi aikinsa da su. A watan Nuwamban 2016, wata shida kacal kafin in danna nawa maɓallin, kamfanin tsaro na Check Point ya ba da labarin wata muguwar manhaja mai suna Gooligan da ta shiga asusun Google fiye da miliyan ɗaya. Wayoyin Android 4 da 5 take kamawa, irin tawa ke nan, kuma cikin tsagogin da take bi har da wadda Towelroot ke bi. Wato ramin da ya ba ni damar yin rutin da dannawa ɗaya, shi ne dai ramin da ke buɗe ga kowa, ko na yi rutin ko ban yi ba. Sauƙin da muke yabo a tsofaffin wayoyin nan alama ce ta cewa an daina toshe musu tsaga. Tawa tun da na saye ta ba a taɓa turo mata gyaran tsaro ko sau ɗaya ba.

Shi ya sa harkar ta mutu a kan sababbin wayoyi. Daga Android 5 aka tsaurara wani shinge da ake kira SELinux, wanda ke taƙaita abin da kowace manhaja za ta iya taɓawa. A 2015 Google ta fara fitar da gyaran tsaro wata-wata. Wayoyin da suka fito da Android 7 a 2016 kuwa suna duba ɗakin tsarinsu duk lokacin da za su tashi, in an taɓa shi su ƙi. Masu yin rutin da gaske yanzu ta ƙofar gaba suke bi: su buɗe makullin tashin waya in kamfanin ya yarda, wanda shi kansa yana goge duk abin da ke ciki, sannan su sa manhajar rutin mai suna Magisk, wadda John Wu ya fara a 2016, kuma kowa na iya karanta yadda aka rubuta ta. Aiki ne mai cin lokaci, ba na tsakanin la'asar da magariba ba. Har yau nakan ga ana tallar dannawa ɗaya ga wayoyin bana, in yi murmushi in wuce.

Naira 2,500 injiniyan ya karɓa. Ya sake zuba mata manhajar da ta dace da kashinta, ya mayar da lambobin, sabis ya dawo. Wasannin da na kora duk suka dawo tare da shi, kowanne a mazauninsa.

Lambobin mutane sun dawo daga Gmail, wannan kam Allah ya rufa asiri. Hirarrakin WhatsApp ne ba su dawo ba. Akwai ajiya a Google Drive tun a wancan lokacin, ni ne na kashe ta don kada ta sha mini data, kwafin da ke cikin wayar kuma na share shi da hannuna. Na zauna na ƙirga ledojin shadda da ke jiran almakashi waɗanda awonsu ke cikin hirar nan: talatin da ɗaya. Saura kwana takwas.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya a waya. Waɗanda saƙon ke nan a wayarsu suka sake turowa cikin minti biyu. Wasu sun goge, sai da suka nemi tela a can ya sake gwada su. Mutum huɗu ba su samu kayansu ba sai bayan Sallah, ɗaya daga ciki bai sake kawo mini ɗinki ba har yau, kuma ban ga laifinsa ba. Wani Alhaji a Kaduna, wanda tun ina yaron shago nake masa ɗinki, ya saurari labarin har ƙarshe sannan ya ce, "Yaro, maigidanka da ya koya maka ɗinki a ina yake rubuta awona?" Na ce a littafi, Baba. Ya ce, "To je ka gidansa ka gaishe shi, ka ce a duba maka. Ban ƙara ƙiba ba."

Na je bayan tarawi. Tsohon ya sa aka ɗauko wata jakar leda daga ƙarƙashin gado, ya lashi yatsa yana buɗe shafuka a hasken tocila, har ya kai kan sunan Alhajin, da jan biro, tsawon riga 58. Na kwafa a bayan rasit ɗin injiniya, don ita ce takardar da ke aljihuna.